Bayani: Abubuwan da ya kamata a bincika kafin sayen tsohuwar mota mai tarihi irin su Fijo 504

A titunan Abuja da Legas da Kaduna da Kano, akan ci karo jefi-jefi da mota ƙirar Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ko tsohuwar Marsandi ta shekarun 1970 da 1980, an wanke ta tas tana tafiya cikin isa a tsakanin motocin zamani. Wasu na neman irin waɗannan motoci ne domin tunawa da iyayensu, wasu don sha'awar tara kayan tarihi, wasu kuma don bayar da su haya a bukukuwa da wuraren ɗaukar fim.

Sai dai sayen motar da ta shekara arba'in ko hamsin a duniya ciniki ne mai haɗari. Wanda ya yi gaggawa na iya kashe ninkin kuɗin da ya saye ta wajen gyara, ko ya tsinci kansa a ofishin 'yan sanda kan motar da ba ta da sahihin asali, ko kuma birki ya yanke masa a tsakiyar hanya da iyalinsa a ciki. Ƙa'idar da ƙwararrun kanikawa ke bi ita ce a fara da abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi, wato takardu da gangar jiki, sannan a gangaro kan injin da sauran sassan da kuɗi ke iya musanyawa.

Inda darajarsu ta samo asali

An fara fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, kuma ta lashe kambun motar shekara ta nahiyar Turai a 1969. Ƙarfinta a kan hanyoyi marasa kyau ya bayyana ga duniya lokacin da ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma 504 ta zama motar jami'an gwamnati da ma'aikata da direbobin haya a duk faɗin Najeriya. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita har fiye da shekaru ashirin bayan haka.

A Legas ma, masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagry, ta fara harhaɗa ƙirar Beetle a 1975. Ita kuwa Marsandi ƙirar W123, wadda aka ƙera kimanin miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, ta yi suna wajen juriya, musamman masu injin dizal.

Wannan tarihi na da amfani ga mai saye ta fuska biyu. Yawan da aka ƙera ya sa har yanzu ana samun kayan gyaransu da kanikawan da suka san su. Amma kuma juriyar da aka san su da ita ta sa an yi musu aikin wahala, domin da yawa daga cikin Fijo 504 da suka rage, musamman masu dogon baya, sun shafe shekaru suna jigilar fasinjoji da kaya tsakanin jihohi.

Takardu kafin komai

Bai kamata a buɗe bonet ba sai an ga takardu. Abin nema shi ne takardar shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar ba da lambar rajista, da inshora, da shaidar ingancin hawa hanya da ofishin VIO ke bayarwa. Idan daga waje aka shigo da motar, dole ne a ga takardun biyan kuɗin kwastam. Idan ta bi ta hannun mutane da yawa, ya kamata a ga takardun cinikin da suka haɗa sunan da ke kan rajista da mutumin da ke sayarwa a yau.

Daga nan sai a gwada lambar shasi da lambar injin da ke rubuce a takarda da waɗanda aka buga a jikin ƙarfen motar. Tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17 ya zama gama-gari ne daga 1981, saboda haka gajeriyar lamba a motar da ta girmi wannan shekara ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne a ga alamar goge ƙarfe ko walda a kewayen lambar, ko alƙaluman da ba su daidaita da juna ba, ko farantin shaida da aka liƙa da sababbin ƙusoshi.

Sau da yawa lambar injin kan saɓa wa takarda saboda an taɓa musanya injin. Wannan ba laifi ba ne idan akwai rasidin sayen injin, amma yana rage darajar motar a idon masu tara kayan tarihi, waɗanda ke son komai ya kasance kamar yadda ya fito daga masana'anta.

Ana iya tantance lambar rajista ta shafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sannan a bincika a sashen rajistar motoci na rundunar 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sace motar. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokokin manyan laifuka na Arewa da na Kudu, kuma ko mai saye bai sani ba, yana iya rasa motar da kuɗinsa idan mai ita na asali ya bayyana. Motar gado na buƙatar ƙarin kula: a tabbatar an raba gadon, ko kuma duk magada sun amince a rubuce, domin ciniki da ɗa guda ɗaya ya sha ƙarewa a kotu.

Akwai kuma batun gefen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocin da suka girmi wannan rana, da waɗanda aka kawo daga Ingila ko Japan, na iya zuwa da sitiyari a dama. Ƙa'idojin hanya na ƙasa sun hana yi wa irinsu rajista, kuma juya sitiyari da aka yi ba bisa ƙwarewa ba na taɓa birki da ƙarfin gaban mota.

Gangar jiki: inda tsatsa ke ɓuya

Fijo 504 da Marsandi W123 ba su da shasi na daban da aka ɗora jiki a kai. Gangar jikin ce kanta ke ɗauke da nauyin injin da ƙafafu da fasinjoji. Idan tsatsa ta ci muhimman wurare, motar ta rasa ƙashin bayanta ke nan, kuma a lokacin haɗari za ta lanƙwashe ta inda bai kamata ba. Ana iya sauke injin a ɗora wani cikin kwana biyu, amma gyara ruɓaɓɓen jiki yadda ya dace aiki ne na watanni.

Inda motar ta yi rayuwa na nuna irin cutar da za a nema. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal ko Warri ko Kalaba ta sha danshi da iskar teku mai gishiri, kuma tsatsa ce babbar matsalarta. Wadda ta zauna a Sakkwato ko Katsina ko Maiduguri galibi ƙarfenta ya fi lafiya, amma rana ta ƙona fenti da robobi, ƙura kuma ta ci cikin injin. Wadda aka kawo daga Turai ta bi ta kan gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke cin mota daga ƙasa.

Ya kamata a duba mota da rana tsaka, a fili, kuma a bushe, domin ruwa da hasken fitila na ɓoye tabo. A tsaya a kusurwar gaba a kalli gefenta har zuwa baya. Idan hasken da ke kan fenti yana karkacewa, an yi gyara a wurin. A lura da tazarar da ke tsakanin ƙofofi da jiki, da ta bonet da but. Tazarar da ta fi faɗi a gefe guda alama ce ta tsohon haɗari. Ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu na nuna ginshiƙin da ke riƙe da ita ya yi rauni.

Ƙaramin mayen ƙarfe da aka naɗe da ƙyalle mai laushi na tona asirin fenti. Yana kama ƙarfe, amma ba ya kama filar da masu gyaran jiki ke cike rami da ita. A bi da shi ƙasan ƙofofi, da bakin madigadi, da kewayen gilashin gaba da na baya. Ƙananan ƙuraje a kan fenti na nufin tsatsa ta riga ta huda ƙarfen daga ciki, kuma abin da ke ɓoye ya ninka abin da ido ke gani.

Sai a ɗaga kafet a duba daɓen motar, musamman ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinjan gaba, inda ruwan da ke yoyo daga gilashi ke taruwa. A kwashe kayan but a duba kusurwoyinsa. A Fijo 504, a kula da inda kan shokazoba na gaba ya haɗu da jiki a cikin ɗakin injin, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wuraren da ƙafafun baya suka kama jiki. A Marsandi W123, a duba ramukan sa jak da mazaunin batir. A Beetle, batir na ƙarƙashin kujerar baya ne, kuma ruwansa kan cinye daɓen wurin.

Binciken ba ya cika sai an kai motar kan ramin gareji an shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya na yin ƙara idan an ƙwanƙwasa, ruɓaɓɓe kuwa yana nutsewa ko ya zubo da gari. Sabon baƙin shafe mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, haka ma faranti da aka yi wa walda a kan tsatsa ba tare da an yanke ruɓaɓɓen wurin ba. Motar da fentinta ya dusashe amma na asali ne ta fi wadda aka fesa wa sabo a makon sayarwa, domin ta farko ba ta ɓoye komai ba, ta biyu kuwa tana iya zama kyan ɗan maciji.

Ɗaga robar bakin ƙofa na bayyana launin da motar ta fito da shi, ko launin tasi idan ta taɓa yin haya. Busasshen laka a bayan dashbod ko cikin mazaunin fitilu, tare da warin danshi da ba ya fita, na nuna ambaliya ta taɓa shanye ta.

Injin: a same shi da sanyinsa

Ya kamata a yi sharaɗi da mai sayarwa cewa kada a tayar da motar kafin a iso, kuma a taɓa injin da hannu don tabbatarwa. Injin da aka ɗumama na ɓoye wahalar tashi, da hayaƙin farko, da ƙarar ƙarafan da suka sassauta.

Kafin a murza makulli, a zaro sandar auna baƙin mai, a kuma buɗe murfin zuba shi. Kumfa mai launin shayi da madara na nuna ruwa na haɗuwa da mai, wanda galibi lalacewar gaskit ɗin kan injin ke jawowa. A buɗe lagireto da sanyinsa: ruwa mai launin tsatsa shaida ce ta shekarun da aka yi ana zuba zallan ruwa ba tare da sinadarin hana tsatsa ba. Wannan na da muhimmanci ga injin fetur na Fijo 504, domin kansa na alminiyam ne, kuma bututan da fistin ke zirga-zirga a cikinsu, waɗanda kanikawa ke kira silif, ruwan sanyaya injin na taɓa su kai tsaye. Idan mazauninsu ya ci, ruwa zai riƙa sauka cikin mai.

Bayan an tayar, fitilar mai ta kamata ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan. Launin hayaƙin salansa na ba da labari: shuɗi na nufin injin na ƙona baƙin mai saboda ring ko bawul sun ci, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi na nufin ruwa na shiga silinda, baƙi kuma na nufin mai ya yi yawa, matsalar da sau da yawa gyaran kafireto ke magancewa. Kumfar da ke tasowa a bakin lagireto yayin da injin ke aiki ita ma alamar gaskit ce. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin na nufin babban aiki.

Gwajin matsin silinda, wanda ake yi da ƙaramar na'ura bayan an cire fulogai, shi ne ya fi faɗin gaskiya. Abin da ake nema shi ne silindoji su yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Launin fulogan ma shaida ne: ruwan ƙasa mai haske lafiya ce, jiƙa da mai kuwa cuta.

A tambaya ko an cire na'urar daidaita zafin ruwa, ɗabi'ar da ta yaɗu a garejin ƙasar nan, wadda kan ɓoye matsalar zafin injin maimakon ta warkar da ita. A Marsandi mai dizal, iskar zuƙa ce ke kashe injin da kulle ƙofofi. Idan aka zare makulli injin ya ci gaba da aiki, akwai yoyo a bututanta. A Beetle, wadda iska ke sanyaya injinta, a kama babban fulin bayan injin a ja shi gaba da baya. Motsin da ido ke gani alama ce injin ya gaji.

Birki, ƙafafu da wayoyi

Motar da ta daɗe a ajiye tana da nata cututtukan, ko da ba ta yi tafiya mai yawa ba. Man birki na tsotsar danshi, yana sa ƙarafan ciki su yi tsatsa su maƙale. Robobi na bushewa su tsage. Fetur kan lalace a tanki ya toshe kafireto. A taka birki da ƙarfi a riƙe na rabin minti. Idan fedar na sauka a hankali, akwai yoyo. A duba bututan birki da na fetur ɗaya bayan ɗaya, domin tsagaggen tiyon fetur a kusa da injin mai zafi na daga cikin manyan musabbaban gobara a tsofaffin motoci.

A danna kowace kusurwar mota a saki. Idan ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazoba ta mutu. A ɗaga kowace taya a girgiza ta don jin ko akwai sassauci. Tayar da ta ci ta gefe guda na nuna saitin ƙafa ya goce, ko kuma jikin ya karkace. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna makon da aka ƙera ta da shekarar. 2318, alal misali, na nufin mako na 23 na 2018. Alƙaluma uku kacal na nufin tayar ta girmi shekarar 2000, kuma bai kamata a hau hanya da ita ba komai kyan zanenta.

A leƙa ƙarƙashin dashbod. Wayoyin da aka murɗa aka naɗe da leda, ko fiyus da aka maye gurbinsa da zaren waya, na nufin aikin rewaya mai yawa. Idan injin na aiki, batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Mitar ƙirga tafiya ba abar dogaro ba ce. A yawancin motocin wancan zamani alƙaluma biyar gare ta, don haka tana komawa sifili bayan kilomita 99,999, kuma tana iya yin hakan sau da dama. Cin robar feda, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Gwajin hanya

Tuƙin minti biyar a cikin unguwa bai isa ba. Ana buƙatar aƙalla rabin sa'a, a bi hanya mai gargada, da shimfiɗaɗɗen titi, da tudu, da cunkoso, ana lura da allurar zafi. A kashe rediyo a saurara. A sa kowace giya, har da ta baya. Giyar da ke fita da kanta idan an saki totur ta ci. Idan aka taka totur a babbar giya, injin ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Kukan da ke tashi daga baya yana ƙaruwa da gudu na fitowa ne daga giyar ƙafar baya. A fili mara cunkoso, a taka birki a ga ko motar na fizga gefe guda. Bayan an tsaya, a bar injin na aiki na wasu mintuna, sannan a matsar da motar a duba abin da ya ɗiga a ƙasa.

Lissafi da kammala ciniki

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma babu tsohuwar motar da ba ta da aibi. Manufar bincike ita ce a san girman aibin kafin a biya kuɗi. A rubuta duk abin da aka gano, a raba shi gida uku: abin da ya shafi tsaron rai kuma dole a gyara nan take, abin da zai iya jira, da abin ado. Sannan a tambayi farashin kayan a kasuwanni irin su Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Apo a Abuja, da Nkwo a Nnewi. Kayan injin da na birki sun fi saukin samu. Fitilu na asali, da tambari, da gilashi, da ƙarafan ado masu ƙyalli su ne ke wahala, don haka motar da kayanta suka cika ta fi daraja ko da injinta na buƙatar aiki.

Bakaniken da zai yi binciken ya zama na mai saye, ba wanda dillali ya kawo ba, domin la'adar dillali ta rataya ne a kan kammaluwar ciniki. An fi so ya zama wanda ya goge a kan kafireto da tsofaffin injuna, tunda waɗannan motoci ba su da kwamfutar da za a jona wa na'ura ta faɗi cutarsu. Biyan kuɗi kan hotunan da aka gani a intanet cinikin biri ne a sama. Mai sayarwar da ya hana a kai motar gareji, ko ya hana a ga lambar shasi, ya riga ya ba da amsa.

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunaye da lambobin shasi da injin da rajista da farashi da kwanan wata, a gaban shaidu, a biya ta banki domin a bar shaida, sannan a gaggauta sauya sunan mallaka da sabunta inshora. Kafin doguwar tafiya ta farko, a sauya baƙin mai, da man birki, da tiyoyin fetur, da fambel, da tayoyi, a kuma ajiye abin kashe gobara a inda hannun direba zai kai.